Kadisumma da Ɓarawon Ayabarta

Tun da Shihab ya auri Rasiya yake neman abin da zai burge surukarsa, amma Kadisumma ba ta burguwa. Ya kawo mata injin niƙa daga birnin Kochi, ta ce kwakwar da ya niƙa ba ta ƙamshi. Ya kawo waya, ta danne murfin tukunya da ita. A wannan zuwan sai ya shigo da murmushi har kunne.

"Umma, gobe za mu gandun daji. Na kama mana motar jif. Giwaye za mu gani!"

Kadisumma ta ajiye wuƙar da take feraye rogo, ta dubi 'yarta.

"Rasiya, mijin nan naki lafiyarsa ƙalau?"

Gonarta a gindin tsaunukan Wayanad take, a kudancin Indiya, daji na bayanta. Tun tana amarya take korar giwaye daga cikin ayabarta da tsohuwar garwa da muciya. Amma Rasiya ta yi ta ƙifta mata ido, don haka washegari ta ɗaura farin mayafinta, ta ɗauki lemarta, ta shiga mota tana ƙunƙuni.

A ƙofar gandun aka haɗa su da wasu mata da miji daga Delhi, kowa da kyamara mai dogon baki. Jagoransu, wani siriri mai gashin baki ana ce masa Sasi, ya ɗaga yatsa.

"Ba a magana da ƙarfi, ba a sauka, ba a ba dabba abinci."

"Ba sai an ba su ba, ɗan nan," in ji Kadisumma. "Da kansu suke ɗauka."

Suka yi ta tafiya cikin gora da manyan itatuwa, ruwa na ɗiga daga ganye. Suka ga barewa, suka ga birai. Matsattsaku ya maƙale wa mutumin Delhi a ƙwauri, ya yi ta ihu har Sasi ya tuna masa doka. A wani wuri jif ya tsaya, Sasi ya nuna tulin kashi a tsakiyar hanya, ya ce cikin raɗa, "Na safiyar nan ne." Nan take kyamarori suka hau aiki, har da Shihab.

"Innalillahi," Kadisumma ta ce. "Kashi kuke ɗauka hoto? Da kun faɗa mini ai da na cika muku buhu a bayan ɗakin girkina."

"Umma, don Allah," in ji Rasiya.

Rana ta yi tsaka, babu giwa babu dalilinta. Shihab ya yi tsuru-tsuru, gumi ya jiƙa masa sabuwar riga. Kadisumma ta saci kallonsa, sai ta ji ya ɗan ba ta tausayi. Har ta buɗe baki za ta ce barewar ma ta yi kyau, sai direba ya kashe mota.

A bakin wani tafki, ga toron giwa nan tsaye, yana watsa wa bayansa laka.

"Maharaja ke nan, sarkin dajin nan," Sasi ya raɗa. "Kun yi sa'a. Dattijo ne, ba ya taɓa kowa."

Kadisumma ta gyara tabarau. Haure na hagu guntu. Kunnen dama a yage kamar tsohon zani. Ta miƙe tsaye a cikin jif.

"Maharaja? Wannan? Wallahi Guntun Haure ne! Kai! Ɓarawo, ɗan ɓarauniya!"

"Baba, zauna!" in ji Sasi, ya ma rasa da wane suna zai kira ta.

"Ba zan zauna ba! Ashe nan kake zuwa ka yi wanka ana kiranka dattijo? Ina ayabata ta bara? Ina katangar rijiyata? Dubi cikinsa, jama'a, duk gumina ne!"

Tana faɗa tana buga lema a jikin ƙarfen motar, kwam, kwam, kwam. Giwar ta tsaya cak da laka a hancinta. Ta buɗe kunnuwa. Matar Delhi ta shige ƙarƙashin kujera, direba ya kai hannu ga makulli, Rasiya ta fara salati.

Toron ya daɗe yana kallon farin mayafin nan. Can sai ya zubar da lakar, ya juya a hankali, ya nufi cikin gora da ɗan saurinsa, irin na wanda ya tuna ya bar wani aiki a gida.

"Ka tsaya mana, in kai namiji ne!"

Nan take Sasi ya sa direba ya juya da su ƙofa. Da suka sauka ya ja Shihab gefe, ya roƙe shi da girman Allah in zai dawo ya dawo shi kaɗai. Mutumin Delhi kuwa, da ya duba kyamararsa, ya tarar a ruɗe hoton Kadisumma ya yi ta ɗauka, lema a sama, baki a buɗe.

A hanyar gida suka tsaya shan shayi. Shihab ya zauna can ƙarshen benci, ya sunkuyar da kai, yana jiran hukunci. Kadisumma ta kurɓi shayinta, ta sa aka kawo soyayyar ayaba, ta tura masa farantin gabansa.

"Ci, ɗana. Shekara da shekaru ina zaginsa daga nesa, yana ba ni baya. Yau ne kawai na faɗa masa ido da ido." Ta goge baki da gefen mayafi. "Wace rana suke buɗewa a wata mai zuwa? Akwai wata uwar garke mai tabo a goshi, ita ma ina da magana da ita."