Babur Jingine da Bango

Ƙanina Abdurra'uf ya yi shekaru yana shan ƙwaya a bayan tasha. Ba zan ɓoye ba, duk unguwarmu a Lafia an sani. Da ya dawo cikin hankalinsa, Iyarmu ta kira ni ta ce in nema masa abin yi kafin hannunsa ya sake ƙaiƙayi. Ni doya nake sayarwa, na san babu abin da ke riƙe namiji kamar gajiya. Na samo masa ƙaramin babur na hannu, ya riƙa ɗauko wa mutane doya daga Adogi zuwa kasuwa. Na gaya masa a gaban Iya cewa wannan ne na ƙarshe, ba ni da wani bayansa.

Babur ɗin ba sabo ba ne, yana ɗan shan baƙin mai. Saboda haka ranar farko na ɗora shi a kan jek biyu, ƙafar tsakiyar nan da ke tsayar da babur a miƙe, a ƙofar gida, na ce ya durƙusa ya duba. Na nuna masa gejin mai, ɗan murfin nan mai wutsiya da ke gefen dama na inji. Na ce da safe, kafin ya tayar, ya kwance shi, ya goge da tsumma, ya sake tsoma shi ba tare da ya murɗa ba. In mai ya tsaya tsakanin zane biyu, lafiya lau. In ya yi ƙasa, ya ƙara. In ya yi baƙi ƙirin ya tsinke kamar ruwa, ya kai a yi juye tun inji na da ɗumi, kada ya ce ƙari zai yi ta yi a kan datti. Na ce fetur in ya ƙare babur tsayawa kawai yake yi, amma baƙin mai in ya ƙare mutuwa yake yi.

Ban taɓa ganin ya riƙe magana kamar wannan ba. Ya yanki tsohuwar singileti ya ɗaure a kan babur ɗin don goge geji. Iya ta ce ko koko ba ya sha sai ya duba. Ya yi ƙiba, ya fara aski, har ya fara gaishe da surukan da bai samu ba tukuna.

Da damina ta kankama hanyar Adogi ta lalace. In ya yi lodin doya, jek biyun nan yakan daki ƙasa a kowane rami. 'Yan acaɓan mahaɗa suka yi masa dariya, suka ce mai jek biyu ai ma'aikacin ofis ne, su duk sun cire nasu. Ya cire. Jek ɗin gefe kuma tun da can a lanƙwashe yake, ba ya ɗaukar nauyi. Sai ya koma jingine babur da bangon zaure, kamar yadda kowa ke yi. Ni ban sani ba, ina can kasuwa tun asuba, doya sabuwa ta shigo.

Wata Talata da azahar Torkuma ya kira ni. Shi ne bakaniken da ke gefen titin Agyaragu, Tibi ne, mun daɗe tare. Na tarar da babur a kwance a gabansa, ya buɗe inji. Warin ƙuna kawai ke tashi. Ya kwance notin ƙasa ya tara gwangwani, abin da ya ɗigo ko kofin shayi bai cika ba.

"Oga Kyari, inji ya buga," in ji shi. "Fistin ya kama, bulok ya tsage. Mai babu ciki."

Na juya kan Abdurra'uf. Yana zaune a kan tsohuwar taya, ƙafafunsa duk laka, daga nesa ya turo shi. Na faɗa masa maganganu a gaban mutane. Na ce ya koma ruwa ne, ya bar dubawa. Bai ɗaga kai ba.

"Yaya, yau ma na duba. A cike yake."

Na ce ƙarya yake yi. Torkuma ya ce in dakata, ya tambaye shi a ina yake dubawa, kuma ina jek. Da ya ji, sai ya jawo wani babur da ke jiran gyara, ya karkata shi dama ya jingine da kwantenar shagonsa, ya tsoma geji. Mai ya hau har sama. Ya miƙar da shi tsaye, ya goge, ya sake tsomawa. Da ƙyar ya taɓa bakin wutsiyar. Bangon zaurenmu a dama yake. Duk safiya ɗan man da ya rage yakan gangaro wajen geji, shi kuma ya gani ya ce alhamdu lillahi.

Da sakaci ya yi, da na san abin da zan ce masa, da shi ma ya san abin da zai gyara.

Na tambayi Torkuma ko injin zai tashi. Ya girgiza kai, ya ce sai dai wani injin, kuma ya san halin da kasuwa take ciki. Na ce wa Abdurra'uf ya tashi mu je gida, in doya ta yi daraja za a san abin yi. Ni kaina na ji yadda maganar ta fito, babu komai a cikinta.

"Yaya, duk abin da ka ce na yi," ya ce. "Wannan karon duk na yi."

Ya ce zai je ya wanke ƙafa ya biyo ni. Na yarda, don ina da kaya a kasuwa babu mai tsaro.

Bai biyo ni ba. Da la'asar Iya ta aiko a tambaye ni ko ya ci abinci. Na rufe doya da buhu na fita nemansa. Ban je masallaci ba, ban je wurin 'yan acaɓa ba, na san inda zan nufa. Tun daga nesa na hango shi a bayan tasha, zaune a tsakiyar tsoffin abokan shansa, sun matsa sun ba shi wuri a kan benci. Ya gan ni. Bai gudu ba, bai ɓoye abin da ke hannunsa ba. Na tsaya a tsallaken titi, motocin Makurɗi suna wucewa tsakaninmu, ina neman abin da zan gaya masa wanda ni ma zan yarda da shi. Ban samu ba.