Tsinken Awon Malam Jalaluddeen

Kan jirgin ya taho sumul a miƙaƙƙen layi, 'yar fitilar goshinsa na haske. Yana isa kwanar da ke jikin bango sai ƙafafunsa na gaba suka haye dogo, ya kife a kan tebur, taragai uku suka bi shi.

Malam Jalaluddeen ya zare waya daga batirin motar da ke ƙarƙashin teburin. Ya ɗauki kan jirgin da hannu biyu, ya hure shi, ya mayar da shi kan layi.

"Mu sake gwadawa," ya ce.

Sau huɗu suna sakewa, sau huɗu yana kifewa a wuri guda. Maikuɗi na tsaye a ƙofar zauren da babbar rigar da ya sa don zuwa kawo tsarabar, gumi na bin bayansa.

A duk Yelwa, mutanen da suka san kwalekwale da jirgin ruwa tun suna goye, Malam Jalaluddeen kaɗai ke da jirgin ƙasa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa kan jirgi a tashar Minna, mai jera taragai. Da ya ajiye aiki ya dawo gida da akwati guda na ƙaramin jirgin wasa, wanda wani injiniya Ba'indiye ya bar masa. Zauren nasa ƙarami ne, don haka teburin ma ƙarami, layin ya zama zobe mai matsattsun kwanoni. Kowace la'asar yakan kunna, ɗan guntun kan jirginsa ya yi ta zagaye, shi kuma yana zaune da kofin shayi yana kiran sunayen tashoshi. Maƙwabta sun yi dariyarsu sun gaji. Da damina injin ɗan guntun ya ƙone, zauren ya yi tsit.

Maikuɗi, maƙwabcinsa na jikin katanga, falken albasa ne mai kai kaya Legas. Shi tsohon ya aika ya sayo masa wani kan jirgin. Ya kwatanta masa shagon wani mai kayan gwanjo na ƙasar waje, sannan ya karyo tsinken tsintsiya ya ba shi, yadda ake ba mai tafiya kasuwa awon takalmi.

"Kada shi wuce tsinken ga," ya ce masa a ranar. "In ya gaza, ba komi. In ya wuce, ba shi da amfani gare ni. Ƙahwa huɗu ko shidda, kak ka ɗauko mai yawa."

To, Maikuɗi ya shekara ashirin yana sayo wa mutane takalma da tsinke, kuma bai taɓa sayen daidai ba. Kullum sai ya ƙara yatsa biyu, ana kuma gode masa. A shagon ya ga gajerun, har guda uku, baƙaƙe, marasa fasali. Kusa da su ga wani dogo, kore shar, ƙafafu goma a jere. Ya fito da tsinken ya gwada, ya ga ya wuce da yatsa huɗu. Sai ya ji kunyar ya shiga gaban dattijo da ɗan abu kamar akwatin ashana, shi da ake kira Maikuɗi. Ya mayar da tsinken cikin lanƙwasar hularsa ya ce a naɗe masa dogon.

"Baba," ya ce yanzu, muryarsa a ƙasa, "ko dai batir ɗin na?"

"Batir lahiya lau." Tsohon ya juya kan jirgin ya nuna masa cikinsa. "Duba nan. Ƙahwahu goma, duk a sandare bisa ƙarhe guda. Hanya ta lanƙwasa, shi ba ya lanƙwasa. Irin wanga na dogon zango na, Legas zuwa Kano. Taragaina ma da ka gani gajeru, don kwanar ga na zaɓe su." Ya ɗago ya dube shi. "Babu gajeru can?"

Nan ne wurin da Maikuɗi zai faɗi gaskiya, magana ta ƙare da dariya. Amma Inna Halimatu, matar tsohon, tana tsaye a ƙofar cikin gida tana yaba kyan tsarabar, sai bakinsa ya riga shi.

"Babu, Baba. Na zagaye kasuwa duka, wanga kaɗai ya rage."

Malam Jalaluddeen ya jinjina kai. "To, Allah shi saka da alheri. Jirgi ba shi da laihi, kwana ta ta matse. Sai mu buɗe mata."

Maikuɗi ya ɗauka magana ce irin ta dattawa, ta rufa wa mai kyauta asiri. Ashe da gaske yake. Mako bai cika ba sai ga tsohon ya sa an fitar da teburin zuwa rumfar tsakar gida, inda akwai fili. Ya sayo katako a bakin kasuwa. Ya hana kafinta taɓawa, wai kafinta bai san dogo ba. Da igiya da ƙusa da alli ya zana sabon zobe, babba, sannan ya shiga ɓamɓare tsohon layin gaɓa-gaɓa. Lokacin bazara ne, zafin Yauri na fita har daga ƙasa, ga shi da hawan jini.

Ta kan katanga Maikuɗi ke jin bugun guduma, kowane bugu kamar a ƙirjinsa. Yakan ce a ransa, tafiya mai zuwa zan sayo gajeren, in ce sabon kaya ne suka iso. Tafiya ta zo, mota ta lalace a Jebba, albasa ta fara ruɓewa, bai ko leƙa shagon ba. Ta biyu ta zo, ya tuna, amma sai ya ga in ya kawo gajeren yanzu, aikin tsohon na wata guda ya tashi a banza. Haka mutum ke samo wa kansa dalili, kuma Maikuɗi gwani ne a nan. Har hanya ya canja, ya koma bi ta bayan masallaci don kada su haɗu.

Ranar wata Talata da hantsi gudumar ta yi shiru. Inna Halimatu ce ta buga katanga tana kiran sunansa. Ya tarar da tsohon kwance a gefen rumfa, katako a kan cinyarsa, bakinsa ya karkace. A motar Maikuɗi aka kai shi asibiti. Kwana shida aka yi, likita ya ce a koma da shi gida.

Ran da ya fi samun sauƙi, Maikuɗi ya shiga gaishe shi bayan azahar. An kwantar da shi inda yake hangen rumfar ta ƙofa. Maganarsa ta yi nauyi, sai an sunkuya.

"Maikuɗi. Tsinken nan... yana nan?"

Hannun Maikuɗi ya tafi kan hularsa kafin ya sani. Tsohon ya bi hannun da ido, rabin bakinsa mai motsi ya yi murmushi.

"Na sani kana da shi. Mai shagon... ya kira ni tun randa ka hito. Ya ce ya nuna maka gajeru ka ƙi."

"Baba, ka yahe mani. Ni dai..."

"Kyauta ka yi. Ba a maida kyauta." Ya numfasa. "Saura gaɓa shidda. Da na so in ga ya zagayo... ko sau guda."

"Ni zan ida shi, Baba. Gobe-goben ga."

Da safe kuwa ya zo da guduma. Amma hannun da ya saba da buhun albasa bai san dogo ba. Ya lanƙwasa gaɓa biyu, ya karya ɗaya, ya zauna a ƙasa yana duban aikin. Yana nan zaune ya ji salatin Inna Halimatu daga ɗaki.

Da aka gama wanka, liman ya gwada tsawon mamacin da karan dawa, ya karya daidai, ya waiga yana neman wanda zai kai wa masu haƙa. Maikuɗi ya miƙa hannu. Ya riƙe karan a ƙirji tun daga gidan har maƙabarta, bai yarda ya taɓa ko bango ba. Da wani daga cikin masu haƙan ya ce a ɗan ƙara taƙi guda don yalwa, sai Maikuɗi ya ce a yi yadda aka auna. Ya faɗe ta da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya, har suka ɗago suna kallonsa.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, ya shiga ya durƙusa gaban Inna Halimatu ya faɗa mata komai, tun daga shagon. Ta saurare shi tana jan carbi.

"Kwanansa ne ya ƙare, ɗana," ta ce. "Kuma wata biyun nan, ban taɓa ganin Malam da zumuɗi haka ba tun barinmu Minna." Ta ɗago ta dube shi. "Amma kullum la'asar sai ya aje kohi biyu. Yana cewa yau Maikuɗi za shi leƙo shi ga aiki."

Wannan ta fi masa ciwo a kan duk abin da ya zo da shi. Ya tashi ya fita rumfar.

Teburin na nan yadda aka bar shi, zanen alli ya cike zoben, dogo bai cike ba. Kan jirgin kore na tsaye a ƙarshen miƙaƙƙen layi, taragai uku a bayansa, wata kaza ta hau tana tsattsagar garin katako. Maikuɗi ya kore ta. Ya cire hularsa, ya zaro tsinken, ya kwantar da shi a gefen jirgin, ya daidaita shi da goshin. Yatsa huɗu suka rage a baya. Daga masallaci aka kira la'asar, shi kuwa yana tsaye da hula a hannu.