Tumatir Mai Zare

Tagar shagona tana kallon wani fili da ke bayan benen da muke haya. Ni tela ce, a ɗakin ƙasa nake ɗinki, a sama nake kwana da 'yata Auta. Don haka duk abin da ya faru a filin nan a idona ya faru, ba labari aka ba ni ba.

Da can juji ne. Duk wanda ya ji ƙyuyar kai shara bakin titi sai ya leƙo ta baranda ya wurgo ledarsa, har da masu fita da safe suna ƙamshin turare kamar ba su taɓa shiga bayi ba. Muna da ƙungiyar 'yan haya, muna da Ciyaman, wani mai tumbi da ke aiki a kamfanin inshora, wanda ba ya iya amsa gaisuwa sai ya gyara zaman tabarau. Duk taro sai ya yi jawabi a kan jujin nan, ya ce za a kafa kwamiti. Aka kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, juji kuwa ya kusa taɓo tagata.

Baba Direba ne ya kwashe shi. Tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan bas, ya bar aiki da gwiwa mai ciwo, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, sai dai waya. Wata safiya kawai na gan shi da shebur da baron aro. Maƙwabta suka fito baranda suna kallo, wasu har da kofin shayi a hannu. Ba wanda ya sauko. Madam, matar Ciyaman, ta ce ai kaɗaici ne ya taɓa masa kai, a bar shi ya rage zafi.

Yara ne suka sauko. Na farko tagwayen makanike, maza biyu da kullum za ka gan su da baƙin mai har a kunne. Sai Auta ta bi su, sai sauran yaran benen. Da fili ya fito, Baba ya yi kunya-kunya, ya ba kowane yaro tasa. Ya ce musu, “Yau kowa ya yi kunya a gidan nan, saura manya.” Yaran ba su gane ba, ni ce na ƙyalƙyale da dariya a bayan keken ɗinki.

Suka shuka tumatir da kuɓewa da latas da karas da kabewa. Ruwa daga famfon tsakar gida suke ɗebowa a galan, ana tafe ana zubar da rabi a hanya. Baba yana zaune a kan wata tsohuwar kujerar mota da makanike ya ba shi, ya miƙe ƙafar mai ciwo, yana ba da umarni kamar yana lodin fasinja: “Matsa ciki! Kai, ba a nan ake sauka ba!” Auta ta dinga dawo mini da ƙasa a farce, ga labarin tsutsa ana cikin cin abinci.

Da amfani ya fara nuna, sai ya kafa musu doka guda. Duk ranar Asabar da safe kowa ya tsinki abin da ya nuna a kunyarsa, a haɗa a raba, a kai ƙofa-ƙofa. A fara da tsohuwar da ke hawa na ƙarshe wadda ba ta iya saukowa, sannan sauran. Na ce masa, “Baba, har da waɗanda suka yi ta wurgo maka leda a ka?”

Ya ce, “Har da su, 'yata. Yaro ai ba ya raba ƙofa.”

Na ja tsaki na koma kan ɗinkina. Ni mutum mai yawan haƙuri haushi yake ba ni. Su kuwa mutanen benen ko kunya, suka dinga karɓa suna zaɓe. Wata har ta ce wa Auta a gaya wa tsohon latas ɗin makon jiya ya yi ɗaci.

Ana nan sai Ciyaman ya ji labarin wata ƙungiya da ke yawo unguwa-unguwa tana ba da lambar yabo ga masu aikin kyautata muhalli. A ranar ya fara sanin hanyar bayan bene. Ya zo da takalmi mai sheƙi, yana ɗaga ƙafa kamar kaza a cikin ruwa, ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, “Madalla. Abin da muka daɗe muna tsarawa ke nan.”

Kafin mako ya zagayo an kafa allo a bakin filin: Lambun Alheri, ƙarƙashin jagorancin Ciyaman. Harufan “Ciyaman” sun fi na “Alheri” girma. Sannan ya tara mu ya ce baƙi za su zo ranar Asabar ta sama da hantsi, daga yau kada wanda ya tsinki ko ganye, yana so su tarar da lambu a cike. Madam ta ƙara da cewa za ta kawo 'ya'yan ƙanwarta su tsaya a gaba wajen hoto, don sun iya magana. Ta kalli tagwayen makanike daga sama har ƙasa, ta ce, “Waɗannan kuma a taimaka a riƙe su a gida ranar.”

Na zuba wa Baba ido ina jiran ya fashe. Sai ya ce, “To.” Shi ke nan. Wallahi ji na yi kamar in jefe shi da almakashi.

Asabar ta farko ta wuce ba rabo. Tumatir ya nuna ya fara fashewa a jikin uwarsa, kuɓewa ta fara ƙosawa tana zama itace. Tsohuwar sama ta aiko jikarta ta tambaya ko lafiya. Yaran suka dinga zagaya kunyoyinsu suna kallo kamar an hana su gaida ɗan'uwa.

Ranar da baƙi za su zo, da sassafe ina share shago na ji muryar Auta ta taga.

“Baba, yau ma ba za a kai wa Kaka ta sama ba?”

Ya ce, “Wa ya shuka kunyar nan?”

“Ni.”

“Wa ya ba ta ruwa?”

“Ni da su tagwaye.”

“To ni me nawa a ciki? Ban shuka ba, bare in hana.” Ya ja hularsa ya rufe fuska, ya jingina da kujera.

Kan ka ce kwabo yara sun bazu cikin lambu da kwanuka da bokitai. Ba su bar ko tumatir ɗaya mai ja ba. Suka raba kamar kullum, suka hau bene suna ƙwanƙwasa ƙofofi. Kuma don rashin sanin duniya irin na yara, har ƙofar Ciyaman suka kai. Tagwayen ne ma suka miƙa wa Madam kwano da hannu biyu, suka ce, “Ga naku.”

Ihun da ta yi har a shago na ji shi. Ciyaman ya sauko da singileti, kumfar aski a rabin fuska. Ya kalli lambu kore shar babu ɗigon ja, ya juya kan Baba.

“Malam, ka san abin da ka jawo mini? Ka san su wa ke zuwa?”

Baba ya ɗaga hula ya ce, “Ranka ya daɗe, barci ne ya ɗauke ni.”

Da mutum ne mai hankali, da sai ya tsaya a nan, in baƙi sun zo ya ce musu ga lambu, ga yaran da suka yi shi, amfanin kuma yana tukwanen maƙwabta. Ai alherin ke nan da aka rubuta a allo. Amma Ciyaman ba a nan tunaninsa yake ba. Ya tura direbansa kasuwa a guje. Ba a jima ba sai ga Madam a ƙofar shagona, tana haki, ɗankwali a karkace. Matar da ba ta taɓa kawo mini ko ɗinkin maɓalli ba, wai ita telanta a cikin gari yake.

“Maman Auta, don Allah kina da koren zare?”

Na ce, “Wane irin kore, Madam? Akwai mai duhu, akwai mai haske, akwai ruwan ganye.”

“Kowanne! Mai kama da ganye!”

Na ɗauki lokacina ina buɗe akwati, ina ɗaga wannan a haske ina ajiyewa. Da na ga ta kusa kuka sai na ba ta.

Na ja kujera bakin taga na zauna, don irin wannan kallo ba kullum ake samunsa ba. Ciyaman da Madam da direbansu suka durƙusa cikin lambu suna ɗaura tumatirin kasuwa a jikin shuka. Ciyaman yana gumi, tumbi ya hana shi sunkuyo da kyau, yana ƙulla zare da haƙori. Direban ya haɗo da tattasai, shi kuwa lambun ba a taɓa shuka tattasai a cikinsa ba. Madam ba ta tsaya tambaya ba, ta bi layin kuɓewa tana rataya shi.

Baƙi suka iso a mota mai sanyi: wata shugaba mai gilashin rana, wani mai ɗaukar hoto, da wani saurayi da aikinsa riƙe mata jaka. 'Ya'yan ƙanwar Madam suka jeru da fararen safa, kowanne an ba shi butar ban-ruwa sabuwa fil, ko ɗigon ruwa babu a ciki. Ciyaman ya yi jawabi a kan yadda tun yana yaro yake ƙaunar ƙasa. An tura Baba can gefe da kujerarsa, kusa da famfo.

Ina jira shugabar ta sunkuya ta ga zare. Ina! Ko gilashin ba ta cire ba. Ta tsaya a gaban kuɓewa mai 'ya'yan tattasai ta dafa ƙirji ta ce, “Kai, abin sha'awa! Dubi yadda ya yi ja!” Mai hoto ya ce ta ɗan riƙe ɗaya. Ta riƙe, ya zo mata a hannu da zarensa yana lilo. Ta kalle shi, ta kalli Ciyaman, sai ta naɗe zaren a yatsa ta ɓoye, ta yi wa kyamara murmushi.

Ɗaya daga cikin tagwayen, da suka hau katanga suna kallo, ya ɗaga murya ya ce, “Wannan fa kuɓewata ce! Ba ta haihuwar tattasai!”

Shugabar ta yi dariya ta ce, “Yara ke nan.” Saurayin jaka ya miƙo lambar yabo, aka tafa, aka sha lemo, suka shiga mota don akwai wata unguwar da ke jiransu. Ba wanda ya tambayi sunan tsohon da ke kusa da famfo.

Lambar tana falon Ciyaman yanzu, saman talabijin. Bayan kwana kaɗan ya sa aka kewaye lambun da waya, aka sa kwaɗo, ya ce ya zama kadarar ƙungiya, ba za a bar yara su ɓata shi ba. Makullin yana aljihunsa, shi kuma yana ofis. Latas ya fara kwantawa, tumatir ya bi, kabewa ce ta ɗan yi taurin kai kafin ta haƙura. Da komai ya bushe sai ya ce ƙasar wurin ce ba ta da kyau. Yanzu a nan yake ajiye motarsa ta biyu.

Auta ta yi kuka har ta ƙi cin abinci. Na je wurin Baba a fusace na ce ya kamata ya tara mutane a yi wa mutumin nan tas. Ya ce gwiwarsa ba ta son tsayuwar taro. Washegari sai na ga tagwaye suna gangaro da tsofaffin tayoyi daga garejin ubansu, Auta tana bin gidaje tana roƙon fasassun bokitai da gwangwanin fenti. Suka jera su a gefen matakala da bakin baranda, duk inda rana ke leƙowa. Baba ya zauna a matakin ƙasa yana huda gindin gwangwani da ƙusa.

Abin ya yi, ko da yake bai kai na da ba. Ranar da aka fara tsinkar na'ana'a ina wurin, ina ɗinke wa Baba aljihun riga. Sai ga 'yar aikin Madam ta sauko da faranti, tana sunkuyar da kai. Ta ce wai Madam tana gaisuwa, ta yi baƙi, ko za a ɗan sam mata na shayi.

Na buɗe baki zan ba ta saƙon da za ta kai, Baba ya riga ni. Ya ce wa Auta, “Tsinko mata na bokitin can, ya fi ƙamshi.”

Auta ta cika farantin har yana zuba. Na gutsure zare da haƙori, na miƙa masa rigarsa, na ce, “Baba, kai dai ba za ka taɓa yin hankali ba.”

Ya duba ɗinkin ya ce, “Aljihun ya yi kyau, 'yata.”