Shanyar Iyatu

Wata huɗu ƙaramin asibitin ƙauyen yana rufe. Tun ranar da 'yan bindiga suka shigo ana tsakar shuka ma'aikata suka watse, Mubaraka mai wankin ciwo ta koma gidan iyayenta a Batsari. Ba ta sake taka hanyar Safana ba sai da saƙo ya iske ta cewa an harbi Mani a gona, harsashi ya huda masa ƙwaurin hagu ya fita, yau kwana shida, yana kwance a gida.

Lawal mai babur ne ya ɗauko ta, ya bi da ita ta cikin gonaki. Duk tsawon hanyar abu ɗaya ke kwantar mata da hankali: kwalin nan. Ƙyallayen goge ciwo ne farare, kowanne a cikin ledarsa, an kashe duk wata ƙwayar cuta a jikinsa kafin a liƙe. Ta tuna kwanan watan da aka buga a gefen kwalin, saura shekara biyu su lalace. Ranar gudu ta danƙa shi a hannun Iyatu, uwar Mani, wadda ta shekara tara tana share musu asibiti. Abin da ta ce mata kawai shi ne, "Inna, kada ya jiƙe."

Gagare, mijin Iyatu, ya tare ta a zaure. Suka gaisa, ta durƙusa, ta tambayi mai jiki.

"Da sauƙi," in ji shi, don haka ake cewa. "Kwalinki dai lafiya lau. Tsohuwar nan ta fi kula da shi a kaina. Ni ɗakina na yoyo, ko kallona ba ta yi."

"Kai wa zai sace ka?" Iyatu ta faɗa daga tsakar gida. "Shigo, ɗiyata, ki ga amanarki."

Ta jawo wata sabuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, ta buɗe. Ga ƙyallayen nan an jera su, an ninke kowanne gida huɗu, tsaf. Babu leda ko ɗaya.

"Ruwan Agusta ya shigo mana," in ji Iyatu. "Gindin kwalin ya yi laushi. Na ce kayan mutane ba za su yi fumfuna a hannuna ba. Na farke su ɗaya bayan ɗaya, na shanya a tabarma kwana biyu, ni da kaina na zauna ina korar kaji. Ko hatsina ban yi wa irin wannan shanya ba."

Mubaraka ta ɗauki guda. Yana da ƙamshin rana da ɗan hayaƙin murhu. Ruwan nan da ya taɓa kwalin ba zai taɓa ratsa ledar ba. Da an bar su yadda suke, da ko a cikin taɓo suka kwana babu abin da zai same su. Shekara uku tana aiki kusa da matar nan, tana farke leda a gabanta kullum, ba ta taɓa buɗe baki ta ce mata ledar ce maganin ba.

"Da su kike wanke masa?"

"Safe da yamma, yadda na ga kina yi. Har cusawa nake a ramin, kamar ke."

Tun daga ƙofar ɗakin Mani warin ya tare ta. Ta warware ƙafar a hankali. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, fatar ta yi baƙi a gefen ramin, in ta danna sai ta ji tana ƙara a ƙarƙashin yatsa. Jikinsa kamar garwashi. Shi kaɗai ne mai noma a gidan, ga gero ya kusa isa yanka.

"Malama, zan iya shiga gona nan da sati?" ya tambaya.

Mubaraka ta miƙe. Ta sa aka tafasa ruwa da gishiri, ta dafa ƙyallayen a tukunya, ta wanke abin da zai wanku. Ta san aikin banza take yi. Ko ƙasar gona ce ta kawo wannan, ko shanyar ce, babu mai iya rabewa yanzu, ita ma ba ta so ta sani.

"Sai Katsina," ta ce da ta fito. "Yau, ba gobe ba."

Iyatu ta dube ta, ta dubi tukunyar da ke kan murhu. Ta daɗe tana kallon tukunyar.

"Don mi kika dafa su, ɗiyata?"

Mubaraka ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

"Ƙafar fa? Za su bar masa ita?"

"Inna, mu roƙi Allah ya bar mana shi."

Lawal ya ce in za a tafi a tafi kafin la'asar, shi ba ya bin dajin nan da yamma. Aka ɗora Mani a bayansa, aka ɗaure su da zane biyu, Mubaraka ta maƙale a can ƙarshe tana tallafe da ƙafar. Gagare ya biyo su da takalman ɗansa. Mani ya karɓi na dama ya sa. Na hagun ya juya shi a hannu, sannan ya miƙa wa uban.

"Baba, ajiye wannan."

Babur ya tashi. Gagare ya tsaya a bakin zaure da takalmin a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba.