Gurasar da ke Jikin Ƙusa

Ranar da Sherzod zai tafi Rasha aikin gini, uwarsa Tursunoy ta miƙa masa gurasa ya gatsa sau ɗaya, ta rataye sauran a ƙusa saman ƙofar ɗaki. Haka ake yi. Rabonsa na gidan, dole ya dawo ya ƙarasa. Shekara uku ke nan, gurasa ta bushe ƙamas, Sherzod ko waya ya daina ɗagawa.

Matarsa Muhayyo kuwa tana nan. Sau biyu yayanta yana zuwa daga garinsu Kokand ya tafi da ita gida, sau biyu tsohuwa tana nuna bango da haɓa.

"Muddin wannan na rataye, mijinta na hanya. Ina za ta?"

Ran Alhamis Tursunoy ta tafi gaisuwar mutuwa a unguwar gaba, ta bar mata gashin gurasar mako. Muhayyo ta hura tanderu da karan auduga, ga kuma Asilbek manne da zaninta. Ɗanta ne, shekara biyu da rabi, bai taɓa ganin ubansa ba, kuma wallahi yaron nan ba ya zama. Ya tsoma yatsa a kwaɓi, ya zubar da riɗi, ya ɗauki hatimin da ake huda tsakiyar gurasa ya buga wa kyanwa.

"Mene wannan? Wannan fa? Don me?"

"Don ubanka! Matsa, wuta ce."

Ta gutsura masa kwaɓi ya je ya yi wasa. Mai liƙa gurasa a tanderu rabin jikinta ke shiga ciki, ba ta ganin komai sai garwashi. Ta liƙa takwas, ta ɗago tana share gumi, sai ta ji gidan tsit. Ta bazama nemansa.

A bakin ƙofa ta same shi zaune, ga tsintsiya mai doguwar sanda a yashe, ƙusa ba komai. Ya ga yadda kakarsa ke jiƙa busasshiyar gurasa a shayi, shi ma ya jiƙa tasa a bokitin wanke-wanke. Ta narke ta zama kunu. Yana dambula yana sha, kaji na taya shi.

"Na ci Baba," ya ce, yana washe baki.

Ta ɗaga hannu za ta make shi, hannun ya tsaya a sama. Abin kunya, daɗi ta ji. Ƙusa ba komai! Gobe sai ta kira yayanta, ta ƙulle kayanta, wa zai nuna bango kuma? Ta tsaya tana kallon ƙusar har ta jiyo ƙaurin gurasa.

Amma tana ɓamɓaro su daga tanderu, fuskar tsohuwa ta ƙi barin idonta. Matar da kullum bayan asuba sai ta goge ƙurar gurasar nan da gefen ɗankwalinta, ga hawan jini, ga ɗa ɗaya tilo. In ta shigo ta ga bango wayam, cewa za ta yi ya mutu, kuma nan za ta zube.

"Kai, Asilbek, ka kashe ni," Muhayyo ta ce.

Ta zaɓi ƙarama, ta rufe ido ta gatsa. Ta mayar da ita tanderu da wuta ta lafa har ta ƙandare, ta shafa mata toka, ta rataye. Yaro na biye da ita yana tambayar don me.

Da la'asar Tursunoy ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a ƙofa, ta ɗaga kai. Ta sauko da gurasar, ta shinshina, ta bi gurbin haƙoran da babban yatsa.

"'Yar nan, haƙoranki ƙanana ne."

"Inna, yaron ne ya..."

"Na ga kajina da kunu a baki." Ta zauna a kan dakali da ƙyar. "Wadda ya cinye ma tawa ce. Ta Sherzod ɓeraye suka cinye tun sanyin farko. Ni na gatsa na mayar, da haƙoran nan nawa huɗu, ke ko lura ba ki yi ba."

Muhayyo ta dubi ƙusar. Shekara biyu ana tsare ta da gatsar tsohuwa! Haushi ya kama ta, sai ta ga yadda matar ke shafa gurasar.

"Inna, tsakani da Allah, zai dawo?"

Tursunoy ba ta dube ta ba. Ta miƙo mata gurasar.

"Ɗauko kujera da guduma. Ƙusar ta yi ƙasa, yaron nan tsayi yake yi."

Muhayyo ta ɗauko. Asilbek ya riƙe mata ƙafar kujera, ita ta hau ta buga ƙusar da hannunta.