Yayen Auta

Baƙar kazata ta kori 'ya'yanta ranar Talata. Sati bakwai suna bin ta. Da safe ɗaya ya matso zai shiga ƙarƙashin fiffikenta, ta sare shi a ka. Ya koma gefe. Ba roƙo, ba taron dangi.

Ina kan benci ina kallo. Na juya na dubi ƙofar ɗakin Auta. Shi ne ɗana na ƙarshe, shekararsa talatin da takwas. Ya koyi gyaran rediyo, ya ce mutane sun daina ji. Ya koyi tuƙi, ya ce motoci sun yi yawa a titi. Yayyensa huɗu kowa yana gidansa. Shi yana nan, farantinsa ya fi nawa faɗi.

Ni kafinta ne. Ban yi nisa a makaranta ba, kuma ban taɓa tambayar wani yadda ake riƙe zarto ba. Kallo nake yi in koya. Na ce abin da kaza ta iya ba zai gagare ni ba.

Na tuna yadda ta bi abin. Da farko ta daina kiran su in ta tono abinci. Sannan ta bar kwanan ƙasa, ta koma kan sandar akurki inda ba sa kaiwa. Sara ne ya zo ƙarshe.

Na daina kiran Auta cin abinci. Kwana uku ban ce masa uffan ba, kuma bai rasa loma ɗaya ba. Ashe bai taɓa jiran kirana ba. Ƙarar murfin tukunya yake bi.

Ranar Asabar da la'asar na jingina tsani a rumfar da nake ajiye katako, na hau rufin da tabarma da filo. Uwarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Malam, me kake yi a sama?"

"Yaye."

"Wa kake yayewa?"

"Ɗanki."

"Wanda na yaye shekara talatin da shida da suka wuce?"

"Ba ki ƙarasa aikin ba."

Ta dubi kazar, ta dube ni. "To ka sani, ita in ta kore su sabon ƙwai take sakawa. Kada ma ka kallo ni."

Ba a jima ba tsani ya soma kuka. Kan Auta ya ɓullo, sannan sauran jikinsa.

"Baba, sannu da hutawa. Ashe nan iska take, shi ne ba ka faɗa ba?"

Ya shimfiɗa bargonsa kusa da ni. Rufin ya lotsa. Ni na kafa rumfar, na san nauyin da za ta ɗauka, don haka na sauko. Shi ya yi kwana uku a can, uwarsa tana aika masa abinci a bokiti, yana ja da igiya.

Saura sara. Da ya sauko na kira shi tsakar gida. Ya fi ni tsawo, sai da na taka benci.

"Matso. Sunkuyo."

Ya sunkuyo. Na dunƙule hannu na sakar masa ranƙwashi a tsakiyar kai. Hannun nan ya shekara arba'in yana riƙe guduma. Yatsana ne ya kumbura.

"Baba, ka ji ciwo?" in ji shi. "Mama, kawo wa Baba man zafi."

Na ga ishara ba ta shiga kan nan. Na zauna, na ce shi ma ya zauna.

"Ka ga baƙar kazar can?"

"Na gan ta."

"Ta kori 'ya'yanta, sun tafi neman na kansu. Ba wanda ya mutu. Gobe ka tattara kayanka."

Auta ya daɗe yana kallon tsakar gida. Ban taɓa ganin ya yi tunani mai tsawo haka ba, har na ɗan ji daɗi.

"Baba, ina suka tafi?"

"Duniya."

Ya miƙa yatsa. 'Ya'yan kazar, su bakwai, suna bayan kicin, sun kewaye tsohon kwano suna cin dusa, har ɗaya ya shiga ciki da ƙafafunsa.

"Wa ya zuba musu?" in ji shi.

Ni na zuba, da hannuna, da sassafe. Ba na ƙarya, don haka na koma murza yatsana da ya kumbura. Uwarsa ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa.

"Daga fiffikenta ta kore su," in ji Auta. "Ba daga gidanka ba. Amma tunda dokar kaza ake bi, ni mai biyayya ne."

Ya tashi ya naɗe katifarsa, ya saɓa a kafaɗa. Na miƙe na zare sakatar ƙofar gida, na buɗe ƙyaurenta duka biyu. Ya wuce ni, ya zagaya bayan kicin, ya kori kajin daga ƙofar sito, ya shimfiɗa katifar a ciki. Taku huɗu ne daga nan zuwa tukunya.

Na bi shi. Na nuna masa titi.

"Can na ce."

Ya gyara filo, ya miƙe ƙafa.

"A'a, Baba. Ba zan fita ba."