Mitar Keken Malam Labaran

Tun ranar da likita ya ce jinin Malam Labaran ya hau, gidan ya rasa sakat. Matarsa Mairama ta janye gishiri daga miya har cin tuwo ya koma horo. 'Yarsa Lailatu kuwa, wadda ke aikin jinya a Kaduna, ta mai da shi majinyacinta ta waya. Shi dai abu ɗaya ya riƙe daga bakin likita: ya riƙa yin kilomita goma a keke kullum. Wannan kam ya yi masa daɗi, don shekara talatin da ya yi yana koyarwa a firamare, a kan tsohon kekensa Fonis ya yi su.

Kullum in gari ya waye sosai sai ya fita daga unguwarsu a Magajin Gari, ya bi hanyar gonakin da ke gefen daji, har wata mararraba inda Ɗalha ke sayar da shayi a gindin ɗorawa. Nan zai sha ruwan bunu ba sukari, ya juyo. Rabin manoman hanyar nan ya koyar da su, sauran rabin ya koyar da 'ya'yansu. Ko'ina ya gifta sai ka ji, "Hedimasta, an fito?" Gaskiyar magana, wannan gaisuwa ta fi maganin likita yi masa aiki, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba.

Abin da ya rage, ba wanda ya san ko kilomita goman na cika. Da Lailatu ta zo hutun ƙarshen mako sai ta taho da wani maƙali, ta ɗaura a kan keken, ta ɗora babbar wayarsa a kai, ta sa masa manhaja. Ga taswira, ga shuɗin layi yana bin duk inda taya ta taka, ga gudu, ga nisa.

"Baba, har daga Kaduna zan riƙa ganin inda kake, in dai akwai sabis," in ji ta. "Hanyar nan gefen daji take. Hankalina ba ya kwanciya."

Malam ya yi ta gunaguni wai kayan yara ne, amma washegari har da goge gilashin wayar da bakin riga. Dattijo guda, yana tafe yana leƙen layi kamar an ba shi sabon takalmin salla.

Kwana uku bai lura da komai ba. A na huɗu ya ga gaisuwa ta fara ƙaranci. Ya ce ko aikin noma ne ya sha kan mutane. Sai dai wanda ya saba ɗago fartanya ya ɗaga masa hannu, yanzu sai ya ƙara sunkuyawa. Mata masu ɗauko itace suna hango shi sai su ratse. A teburin Ɗalha kuma, da ya jingine keke hira take mutuwa, kowa ya kama hura shayin da ya riga ya huce.

Ran nan ya jira aka watse, ya ce, "Ɗalha, na yi wa wani laifi ne?"

Ɗalha ya daɗe yana ɗauraye kofi ɗaya. "Hedimasta, ba wanda ya ce kai ne. Amma ka san abin da ƙasar nan ta gani. Mutanen daji ba duba suke yi ba, gaya musu ake yi: wane ya sayar da masara, wane ta nan yake bi. Bana aka ɗan samu sauƙi muka koma gona, amma tsoro yana nan. Sai ga waya a buɗe tana zana hanyar gonakinmu, kullum, lokaci ɗaya. Shekaranjiya Audi ya leƙa, ya ga layin ya bi ta bakin gonarsa. Nan take ya tashi ya tafi."

Audi ɗalibinsa ne, wanda ya koya wa riƙon alli da hannunsa. Ran Malam ya ɓaci ƙwarai.

"Lailatu ce fa take gani. 'Yata."

"Ni na yarda. To bayan ita, wa kuma yake gani?"

Malam ya tashi ya ja kekensa. Shekara talatin yana ba da amsa, yau ga tambayar mai shayi ta gagare shi.

Bai wuce gida ba, sai rumfar Matiyu mai gyaran keke, mutumin kudancin Kaduna da ya fi shekara ashirin a garin. Matiyu ya saurara, sannan ya zazzage wani gwangwani, ya zaro wata 'yar aba da ba ta kai kwalin ashana ba. A jikin wani keken Kwatano ta zo, ya ce, ba wanda ya taya.

"Mita ce. Za mu ɗaura ɗan maganaɗisu a cikin tayar gaba. Duk juyi ɗaya ta ƙirga. Ba ta san sunanka ba, Hedimasta, ba ta san garin da take ba. Batirinta kamar kwabo, ya fi shekara, ba ruwanka da caji. Amma fa Lailatu ba za ta ga komai ba."

Sai da aka gaya wa mitar girman taya. Suka shafa alli a tayar, suka gangara keken juyi ɗaya a kan siminti, suka auna tsakanin tabo biyu da tef ɗin tela. Malam ya sa aka maimaita sau uku, don bai yarda da awon da aka yi sau ɗaya ba. Matiyu ya ce da ya sani da bai fito da ita ba.

Da la'asar ya kira Lailatu ya gaya mata komai. Ba ta ji daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba.

"To Baba, ka sa wayar a aljihu mana. Manhajar za ta yi aikinta, ba wanda zai gani."

"In na ɓoye ta tana zana hanyarsu, ai na zama abin da suke tsoro ke nan. Ba zan iya gaishe su da ita a aljihu ba. Zan riƙe ƙaramar wayata ta kira."

"Wadda ba ta kama sabis a can? In wani abu ya same ka, wa zai san inda kake?"

Ya ce Allah zai kiyaye, ta ce amin a gajarce, ta kashe. Ya ji zafin abin, don ya san tsoronta gaskiya ne.

Washegari ya jingine keken a gaban teburin Ɗalha, wurin da kowa zai gani. Audi ne ya fara matsowa. Malam ya ce ya ɗaga tayar gaba ya juya ta. Lamba ta motsa. Ya tsayar, lamba ta tsaya. Audi ya sake juyawa da ƙarfi, ya ce ashe yana gudun kilomita ashirin a tsaye, aka yi dariya. Gaisuwar ba ta dawo rana ɗaya ba. Wasu sai da suka yi mako suna kallon kan keken kafin su kalli fuskarsa. Lailatu kuwa ta koma kiran Mairama kullum ƙarfe takwas, ta ji ko ya shigo, shi ba ta cika nemansa ba.

Sati uku bayan haka, yana dawowa, ƙaya ta huda tayar baya daidai wani kwalbati. Ya duba ƙaramar waya, babu sabis ko ɗigo. Ya kama turi. Audi ya zo wucewa a babur da buhun taki, ya ce ya hau, Malam ya ce ba zai bar Fonis a hanya ba. Sai da babur ya ɓace ya tuna bai ba da saƙo gida ba. Takwas ta wuce, tara ta kusa. Bai damu da ƙafafunsa ba, Lailatu yake tunani, tana can ta ɗora hannu a ka.

Ya shigo gida jiƙe da gumi, ya tarar da Mairama tana ɓarar gyaɗa hankali kwance, waya maƙale a kunne.

"Ga shi nan ya shigo," ta ce, ta dube shi. "Malam, tun kafin takwas Audi ya tsaya a ƙofa ya ce taya ce, a kwalbati. Wata mai itace ta leƙo ta ce ta gan ka kana hutawa a gindin mangwaro. Ɗalha ma ya aiko wani direba ya tambaya ko ka iso. Ungo, 'yarka."

Ya karɓa.

"Baba, an ce sau biyu ka zauna."

"Sau ɗaya da rabi."

Ta yi dariya. "Mitar ta ce nawa?"

Ya leƙa kan keken. "Goma da ɗigo huɗu."

"To ya cika. Gobe in ka je, ka gaishe min da Ɗalha da Audi. Ka ce musu na bar musu amanarka."